Ruwan Wankan Uwar Gida

Hamilton, 1951

Yaya Glenys,

Ina fatan kuna lafiya. Ya ƙafar Baba? An samu ruwan sama kuwa a yankinmu na Mallee?

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Na zo aikatau gidan masu kiwon tumakin nan ne da tunanin Alastair, ɗan mai gida, zai gan ni ya rikice kamar a littattafan soyayyata. To, ya gan ni, ina ɗauke da bokitin ruwan da uwarsa ta yi wanka, zan kai wa shuka yadda muke yi a gida.

"Ke 'yar Mallee, miya za ki yi mana da shi?" in ji shi. Masu askin tumaki suka fashe da dariya. Na wuce da bokitina.

Haba! Tunda ulu ya yi tsada, har karnuka ake wankewa da ruwan sha a nan, alkamarmu kuwa tana ƙonewa can gida saboda fari.

Ina ƙoshi, kada ku damu. Amma don Allah ki hana Mama turo ƙanwarmu Coral, duk da ana bukatar albashin. Ba za ta iya haɗiye wannan ba.

Na so in jefa takardar nan a murhu, amma ga motar wasiƙu ta tsaya. Bari in miƙa.

Ƙanwarki,
Noelene