Jinin Cibiyar Ubaidullah

Aliero,
Watan Rajab.

Zuwa ga Yaya Ya'ƙub,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da Inna da dukan mutanen Sarandosa. Na rubuto ne don a waya ba na iya tsara magana, kuma kana katse ni. Naziru direban Maiyama zai ba ka wannan.

Ɗiyata Umaima ta sake kwanciya makon jiya, sikilar ce ta tashi. Ƙafafu ne da baya, an yi mata ƙarin jini. Na duba littafin da nake rubuta tashin ciwonta, na ga tazarar tana raguwa tun da ta shiga shekara bakwai. Wataƙila ni ne na ƙara kula da rubutawa. Ban sani ba.

A asibitin kuɗi da muke kai ta a Jega akwai wani Likita Murtala, yana aiki da wasu masu bincike kan sikila da suka zo daga kudu. Da ya ga matata Gudiya da tsohon ciki sai ya zaunar da mu. Ya ce jinin da ke saura a igiyar cibiya bayan an yanke ta yana ɗauke da ƙwayoyin asali, waɗanda jinin mutum ke tsirowa daga gare su. Ya kwatanta mini da irin albasa da muke reno kafin dashe. Idan jaririn bai zo da sikila ba, kuma jininsa ya dace da na Umaima, ana iya dasa mata shi a ɓargo wata rana, can wani babban asibiti nesa. Dacewar, in ji shi, ɗaya ce cikin huɗu. Za su ɗiba su adana kyauta. Sharaɗinsu shi ne Gudiya ta haihu a wurinsu, kuma idan jinin bai dace ba ya zama nasu, su yi bincike da shi.

Kyautar ce ta tsaya mini a rai. Tun da nake awon albasa a kasuwa ban ga wanda ya zo daga nesa don ya ba ni abu ba. Amma kuma ban ga abin da za su cuce ni da shi ba, tunda jinin nan ƙasa ke shanye shi. Ka yi wa Inna bayani a hankali.

Ƙaninka,
Haliru.

*

Sarandosa.

Haliru,

Gaisuwa. Muna lafiya. Na karanta wa Inna takardarka kamar yadda ka rubuta, don ban san wani bayani a hankali ba.

Tambayarta ɗaya: mabiyiya fa? Duk ɗan da aka haifa a gidanga, ni da kai har ɗiyanmu, ita ke wanke mabiyiyarsa ta binne bayan ɗakinta. Ko ta Umaima da aka haifa Aliero sai da aka kawo mata. Ta ce ba a taɓa mabiyiya da allura, kuma ba a barin rabin yaro hannun baƙo.

Tambayata ni daban. Kai mai karatun sakandare, wa ya ce maka jini kawai suke so? A rediyo na ji ƙasashen Turai suna rigima tsakaninsu kan irin wanga aiki, wasu sun hana, wai har ɗan tayi ake ɓarkewa a cire abin. Abin da suka hana a gidansu shi ne suka ɗauko suka kawo Jega? In alheri ne, mi ya sa bai tsaya manyan birane ba sai da ya gangaro wurin masu albasa?

Sannan mutane sun fara magana, wai da gangan ka sa Gudiya ta ɗauki cikin nan don a yi wa Umaima magani da shi. Na ce ƙarya ne, kai da ko taki sai ka yi mako kana tunani kafin ka saya. Amma ka faɗa mini gaskiya.

Inna ta ce a kawo Gudiya nan ta haihu. Ka gaida Umaima, ka ce Baffa ya aje mata zuma.

Ya'ƙub.

*

Aliero,
Watan Sha'aban.

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Cikin ya kai wata shida kafin mu san da wannan magana. Amma ba zan ɓoye maka ba, tun da na ji ta, idan na dubi Gudiya nakan yi tunanin Umaima kafin in yi tunanin jaririn. Wannan bai yi mini daɗi ba.

Na koma wurin likitan da tambayarka. Ya ce aikin ɗan tayi daban ne, su ba sa yin sa, nasu abin da ya rage bayan haihuwa ne. Na ce ina za a kai jinin idan bai dace ba. Ya ce ɗakin bincikensu. Na ce zai bar ƙasar nan? Ya ce mai yiwuwa wani ɓangare. Na ce idan sun gano magani da shi, ɗan Aliero zai iya saye? Ya ce yana fata. Na so a ce ya yi mini ƙarya, da na san inda zan ajiye shi.

Na tambayi malamai biyu. Limamin unguwarmu ya ce babu laifi tunda ba a kashe rai ba, kuma neman magani ake. Malamin da nake ɗaukar karatu a wurinsa ya ce jikin ɗan Adam amana ne, uba ba shi da ikon kyauta da sashen ɗansa. Kowannensu na fito daga wurinsa na gamsu.

Gudiya ce ta yanke. Ta ce, "Malam, kana ta yawo da tambaya, ni ba ka tambaye ni ba. Ni ke riƙe ƙafar Umaima in tana kuka. A Jega zan haihu." Na ce Inna fa? Ta ce, "Inna mabiyiya take so, ba jini ba. A ba ta abinta."

Likitan ya yarda. Za su ɗebi jinin, su ba mu mabiyiyar, Naziru ya kawo muku ranar haihuwar. Ka roƙar mini Inna.

Ƙaninka,
Haliru.

*

Sarandosa.

Haliru,

Barka. Allah ya raya Ubaidullah, ya ba mai jego lafiya. Ka ga ban zo suna ba, Inna ma haka. Ga dalili.

Naziru ya kawo abin cikin baƙar leda, da sanyi kamar kifin kanti. Inna ta kwance, ta duba, ta mayar ta ɗaure. Ta ce, "Wagga an tatse ta. Kuma wa ya shaida tamu ta?" Naziru da bakinsa ya ce matan da suka haihu safiyar nan su uku ne, kuma ledojin wuri ɗaya aka aje su. Na ce mata ai da alama a jiki. Ta ce alamar wa ya liƙa? Ta ce ba ta sa ɗan da ba ta sani ba tsakanin jikokinta.

Ni na gina rami bayan danga na rufe ta, don ba a bar wa karnuka. Amma ba cikin gida ba ne, ka sani.

Inna ta ce ka je ka karɓo jinin. In ba su bayarwa, su zubar gabanka. Sai ta ji an yi haka za ta ɗauki yaron. Kuma ni na ƙara da wannan: wanda ba ka tabbata ya ba ka ledarka ba, ina ka san abin da zai ce maka kan kwalbar jinin?

Ya'ƙub.

*

Aliero,
Watan Shawwal.

Yaya,

Barka da Sallah. Na daɗe ban amsa ba don ina jiran sakamako. Ya fito.

Ubaidullah ba shi da sikila, alhamdu lillahi. Amma Likita Murtala ya ce jininsa bai dace da na Umaima ba. Ya faɗa da taushin murya, har ya dafa kafaɗata. Muka kamo hanyar gida.

A hanya ne abin ya faɗo mini. Idan ya dace, namu ne, su ci gaba da adana mana a kan kuɗinsu. Idan bai dace ba, nasu ne. Kuma wanda ke faɗin ya dace ko bai dace ba, shi ne su. A kasuwa ba mu yarda mai saye ya riƙe ma'auni shi kaɗai. Na ji sharaɗin nan tun ranar farko, na rubuta maka shi da hannuna, ban gan shi ba.

Ba na cewa ya yi ƙarya. Tun farko ya ce sau uku cikin huɗu haka ake samu. Na koma na faɗa masa abin da ke raina. Bai yi fushi ba, ya ce tambaya ce mai kyau, ya nuna mini takardar gwajin, haruffa da lambobi da ba ni iya karantawa. Ya ce ana iya sake gwada yaran biyu a wani wuri da ba nasu ba, amma wurin yana da nisa kuma da tsada, sai albasar baɗi in ta yi kyau. Na ce ku riƙe mini jinin zuwa lokacin. Ya ce zai yi ƙoƙari, amma ba shi ke da iko ba.

Ba sa mayar da jini ga mai shi. Abu biyu ne: in janye su zubar, ko in bar musu. Idan na sa aka zubar, Inna ta ɗauki jikanta, amma in ashe ya dace, ni na zubar da maganin Umaima. Idan na bari, na bar shi a hannun mutumin da nake zargi, kuma wataƙila ina zarginsa ne don kawai ya ba ni labarin da ba na so.

Ban yanke ba tukuna. Ka gaida Inna.

Ƙaninka,
Haliru.

*

Aliero,
Watan Zulƙida.

Yaya,

Bayan gaisuwa. Ka faɗa wa Inna ban sa an zubar ba, kuma ba zan sa ba. Ta yi haƙuri. Ranar da ta so ganin yaron, za mu kawo shi.

Jiya Umaima tana goye da shi a tsakar gida ta ce, "Baba, yaushe za a sa mini jinin ƙanena?" Ban san wa ya faɗa mata ba. Na ce an aje mata.

Na zauna in rubuta a littafina ko ƙarya na yi mata, na kasa.

Ƙaninka,
Haliru.