Bangon Inna Kulu

Laraba da dare, Yauri

"Malama, tunda sati huɗu kika ce, ba zan taɓa tubalin nan ba sai ya yi ƙwari." Haka Sani magini ya ce mini, har da dafa ƙirji. Kwana tara kacal ya fara gini da shi. Jiya aka kwana ana ruwa, da asuba bangon ɗakin bandar Inna Kulu ya rufta kan kifinta.

Na tafi da niyyar in wanke shi tas a gaban jama'a. Sai ya ce, "Malama, ai ranar da na fara kina wurin, har hoto kika ɗauka."

Gaskiya ya faɗa. A ranar na danna farce a tubalin ya shige, amma ban hana shi ba, don ina ɗokin matan bakin ruwa su ga jar ƙasa da tokar buntun shinkafa sun ta da ɗaki da siminti ɗan kaɗan. Ni da nake koya wa ɗalibai cewa irin wannan haɗin a hankali yake kamawa, a inuwa, ana yayyafa masa ruwa!

Inna Kulu tana tsintar kifi cikin laka ta ce, "'Yar nan, littafin naki bai san damina ba?" Gara ma da zagina ta yi.

Na ba Sani zuwa Juma'a ya buga sabon tubali. Ko ya buga ko bai buga ba, ranar Asabar zan sauka bakin ruwa in gaya wa matan da bakina cewa tokar ba ta da laifi, gaggawata ce.