Bindigar da Sarki ya sa ni ƙerawa

Daren Talata, farkon damina, Maska.

Bakina ne ya ja mini. Don 'yan kasuwa su yi dariya na ce bindiga ai fartanya ce da aka naɗe. Ashe zancen ya kai fada.

Sarki ya ce ya gaji da sayen bindiga wurin fatake alhali yana da maƙera. Gaskiyarsa. Ya aiko mini da guda in kwaikwaya, da ƙarfe, da gawayi, har da dogari a ƙofar maƙera, wai kada a dame ni. Kowa ya yi shuka, gonata sai ciyawa.

Na gama ta yau. Gobe gwaji, kuma an ce wanda ya ƙera shi ke fara harbawa. Haɗin bututun nan bai kwanta mini ba. 'Yan surorin da na iya duk na tofa mata.

Autata Ladi ta kawo tuwo. "Baba, gobe za ka dawo?"

Na ce, "Sosai! Ɗungurungum ko gunduwa-gunduwa?"

Ba ta yi dariya ba. Na ce ta gaya wa kawunta ya shuka mana dawa, kada ya jira ni. Wannan kam ba wasa na yi ba.