Jan Baki Ga Shinkafar Mainasara

Wurno

Zuwa ga Yaya Jelani,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lahiya, kai da Turai da yara. Yaya, tsuntsayen jan baki sun sauka ga shinkafata ta hwadama. Na tai wurin masu hweshin tsuntsaye, sunka ce sai na kawo shaida. Tunda ka san babbansu, ga hotuna na ɗauka da tsohuwar kyamarar da ka ba ni. Don Allah ka kai mishi da gaugawa, shinkafa ta hwara nuna.

Ƙanenka,
Mainasara

Goronyo

Zuwa ga Mainasara,

Bayan gaisuwa, hotuna sun iso, raina kau ya ɓaci. Mi na ne wanga? Na hwarko na ɗauka hayaƙin mota ne. Na biyu rabinshi babban yatsanka ne. Ka tsaya kana kallon rana, shi ya sa komi ya yi baƙi. Rana ga bayanka take zama. Sannan ka durƙusa daidai idon tsuntsu, ka riƙe numfashi kahin ka danna. Shekara nawa ina ɗaukar balbela da shamuwa ga bakin dam, kowa ya san hannuna. Ba ni kai wanga abin kunya ga mutane a ce ƙanena ya ɗauka. Sake.

Yayanka,
Jelani

Wurno

Yaya,

Ina gaisuwa. Na durƙusa yadda ka ce, na riƙe numfashi, santsi ya kwashe ni na hwaɗa cikin kwalbati. Sale maƙwabcina ya jawo ni, har yanzu in ya gan ni sai ya dahe ciki. Duk da haka na samu guda mai kyau, ga shi nan. Tsuntsun da ke ciki ya ƙoshi ƙwarai, kuma ka san da abin da ya ƙoshi. Gehen gabas na gonar ya ƙare.

Mainasara

Goronyo

Mainasara,

Madalla, ka matsa gaba. Idon ya hito, jan bakin ya yi kyau, amma ka yanke mishi wutsiya. Kuma tsuntsu guda ba shaida ba ne, cewa za su yi na keji ne. Ina zuwa da kaina ran Laraba in nuna maka yadda ake yi.

Jelani

Wurno

Zuwa ga matar Yaya, Turai,

Gaisuwa da ban girma. Kin aiko kina tambayar mi ya riƙe maigidanki. Lahiya lau yake. Tun da ya iso yake zagaya gona da hwarar babbar riga da kyamara mai walƙiya. Ko ina ya dosa sai tsuntsaye su tashi, shi kau ya bi su yana kiran su tsaya. Har yau bai samu hoto ko guda ba, ya rantse ba ya barin Wurno sai ya samu. Jiya tsuntsayen sun koma gonar Sale, ya zo yana roƙon in ara mishi Yaya da rana ya kore mishi su, na ce a'a.

Ki yi haƙuri sai an yanke shinkafa. In da mai zuwa, a aiko mishi da wata hwarar riga.

Ƙanen mijinki,
Mainasara