Tagogina a rufe, wata guguwar kuma na tafe

Zuwa ga Hortensia, mai filin shawarwari,

Ki taimake ni, 'yata. Yau Talata, na tashi ƙafafuna a kumbure, numfashi sama-sama. Na haura tamanin, kuma ni kaɗai nake zaune a garinmu Yabucoa, nan bakin teku, tun rasuwar matata.

Da aka yi shelar guguwa watan jiya, ɗan ƙanwata Efraín ya zo ya ɗaura min fallayen ƙarfen da muke rufe tagogi da su duk shekara. Guguwar ta kauce mana. Ya ce zai dawo ya kwance, shiru har yau. Notinan ta waje suke, ni kuwa tsani ya fi ƙarfina. Gidan duhu kamar kabari. In aka ɗauke wuta, kin dai san halin masu wutar, sai kyandir. Ran Lahadi gyangyaɗi ya sace ni kyandir na ci, na farka gefen labule na hayaƙi. Da ragowar ruwan kofi na kashe. Sai daga baya na tuna ƙofata ɗaya ce, ga ƙyauren ƙarfe da kwaɗo, makullin ma ban san inda na ajiye ba.

Maƙwabciyata Providencia ta ce wai na rufe kaina a gwangwani kamar kifi, saura a ɗora ni a murhu. Ta ce surukinta zai kwance min. Na ƙi. Ban saba roƙo ba, kuma in an kwance wa zai mayar? Rediyo na cewa wata ta taso daga teku, ta fi ta baya. Na taɓa ganin gidan da taga ɗaya ta fashe, rufin gaba ɗaya iska ta kwashe.

Efraín ya ce yau zai zo. Na dafa shinkafa da wake na mutum biyu. Rana ta faɗi, bai zo ba.

Tsoho a duhu

Baba,

Tsoronka biyu duk a kan hanya suke, amma guguwa tana ba da sanarwa, gobara ba ta bayarwa. Providencia bakinta da kaifi, sai dai gaskiya ta faɗa.

Tunda wata na tafe, kada a kwance duka. Yau ɗin nan ka bar surukinta ya buɗe tagar ɗakin kwananka, a jingine fallayen a ƙarƙashinta. In an yi shela, mayarwar ba ta da wuya. Ka rabu da kyandir, ka nemi tocila, makulli kuma a rataye shi a bakin ƙofa. Ranar guguwar kada ta same ka kai kaɗai: ko gidan Providencia, ko mafakar gwamnati. Da ta wuce, a kwance sauran.

Efraín ƙila bai san zancen labulen ba. Ka faɗa masa, amma kada ka zauna jiransa. Ƙarfen nan yadda yake tare iska daga waje, haka zai tare ka daga ciki. Ka ƙwanƙwasa wa maƙwabciyarka kafin ka kwanta.

Allah ya ƙara sauƙi, ya kawar da guguwar daga kanku.

Hortensia