Uku Uku Muke Raguwa

Lahadi, 5 ga Oktoba

Ustaza Batulu ta fara mana mutawaliya hisabiya: jerin lambobi, tazarar da ke tsakaninsu iri ɗaya. Tazarar ita ce asas. Na rubuta dai, amma kaina kamar an cusa masa auduga. Ga jarrabawar shahada, ta kammala sakandare, na tafe.

Laraba, 8 ga Oktoba

Sifiri a gwajin yau. Ni Huseina! Haushi ya hana ni cin abinci.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Da ustaza ta ga mun yi zuru, sai ta ajiye littafi ta ƙirga mu. Makon da aka buɗe muna talatin da huɗu, na biye talatin da ɗaya, yau ashirin da takwas. Riɗi ya nuna, ana ta kwashe 'yan mata zuwa kambo, wurin ma'aikatan gona, su yi girki. Ta ce, "To ya banat, 'yan matana, nawa ne asas?" Bakina ya riga ni: uku, kuma raguwa yake. Sai abin ya buɗe mini gaba ɗaya. Na lissafa a allo, mako na sha biyu saura yarinya ɗaya a ajin.

Razan, ƙawata, ta ce, "Wace ce marar sa'ar?" Na ce ni ce, ko ni da kujeru ne sai na zauna shahada. Aka yi dariya. Ustaza ba ta yi ba.

Talata, 14 ga Oktoba

Zazzaɓin Inna ya dawo. Ita ke bin Baba zuwa gonakin Gadambaliya duk kaka tana dafa wa masu yanka.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Mairo da Ruaa ba su zo ba, an ce lori ya kwashe su zuwa gonakin Simsim. Biyu ke nan. Duk yini ina kallon aji ina neman ta ukun, kamar wata mayya.

Da la'asar Baba ya kira ni, idonsa na kan takalminsa. "Ya bitti, 'yata, riɗi ba ya jira, in ya bushe a tsaye zubewa zai yi. Ana gama yanka zan maido ki da kaina." Na yi kuka, na faɗi maganganu. Inna na kwance tana ji, ta juya fuska bango.

Na tsani lissafin nan. Da ma ban gane shi ba.

Alhamis, 30 ga Oktoba, kambo

Asida, tuwon dawa, da safe, asida da yamma, hayaƙi ya cinye mini ido. Razan ta kira a wayar Baba. Sun shiga majmu'i, jimillar jerin, wai ana haɗa na farko da na ƙarshe, a ninka da... sai layi ya yanke. Na gwada da ƙasa da tsinke, bai fito ba. Littafin yana cikin buhu, kullum ina cewa gobe.

Asabar, 15 ga Nuwamba

An gama riɗi. Baba ya ce dawa ta kusa, mai gona ya yaba girkina, ko zan ƙara haƙuri? Ya tsaya yana jiran rigima. Na ce masa gishiri ya ƙare, a sayo da yawa, da busasshiyar kuɓewa.

Razan ta kira sau biyu. Hannuna da ƙullu, shi ya sa ban ɗauka ba.