Ni Ke Sa Wa Tayar Dutse, Kuma Na Daina Jin Kiransa

Anti Maku, don girman Allah ki taimake ni, in da hali ki amsa mini kafin Asabar mai zuwa. Na rasa wanda zan gaya wa, don a nan garinmu Ada in ka yi tari a bakin kogi, kafin ka iso kasuwa an ce tarin fuka gare ka. Kada ki sa sunana, sunayen da ke cikin wasiƙar nan ma na sauya su.

Ni mai bandar kifi ce, shekaruna sun doshi sittin. Maigidana, Baban Adiki, masunci ne tun tasowarsa, kuma shi ne mai ba da waƙa in ana jan taru ko kwalekwale zuwa tudu. Murya gare shi ta gaske, in ya buɗe ta a bakin teku har awaki sai sun waiwaya. Da kifi ya ja baya, ɗanmu da ke birnin Tema ya taimaka masa ya sayi ƙaramin jirgi mai inji, yana kai baƙi yawon tsibirai ran Asabar, da Lahadi bayan an taso daga coci. Ba ya yarda jirgin ya kwana a ruwa tun da aka sace injin wani abokinsa. Saboda haka duk ranar da ya fita, da yamma sai a ɗora shi a amalanken ƙarfe mai taya biyu, Akwetey direba ya jawo shi da a-kori-kurarsa zuwa bakin lungunmu, daidai gindin kwakwa, ya kwance ya yi gaba. Mota ba ta shiga lungun. Daga nan sai hannu.

Wurin ajiyar ɗan tsukuku ne tsakanin katangarmu da ta maƙwabta, yana daɗa matsewa ta ciki, ga shi gangare. Gindin jirgin ya fi faɗi, don haka dole hancinsa ya fara shiga. Baban Adiki ke riƙe ƙarfen gaba, yana tafiya da baya da baya, jirgin na biyo shi, bangon ɗakin girki na bayansa. Ni kuwa ina duƙe a gefen taya da wani tsohon dutsen niƙa na mahaifiyata. In nauyin ya fara fin ƙarfinsa sai ya ce, "Sa!" in cusa dutsen. Ya numfasa, ya karkata hancin, ya ce, "Cire!" in cire. Haka muke yi har ya shige. Fitarwa ba wuya, mota ke jawo shi da igiya. Shigarwar ce bala'in.

To Anti, ga abin da ban gaya wa kowa ba: kunnena ya fara tafiya. Na hagu ya fara, da wani ƙugi da ba ya yankewa, yanzu na daman ma yana bi. A kasuwa ina dabara, in mata suka yi dariya ni ma in yi. A gida bakinsa nake kallo, ga shi dama ba ya magana a hankali. Amma in na duƙa a gefen taya, cikin jirgin ya raba mu, ba na ganin fuskarsa, kiran kuwa wani lokaci ya zo, wani lokaci bai zo ba. Sai na koma leƙen ƙafafunsa ta ƙarƙashin jirgin. In na ga ya kafa dugadugansa ya turje, na san lokaci ya yi, in sa dutse. Da haka nake ta rufa wa kaina asiri tun bara, shi kuma yana ta yabona wai hannuna ya fi na maza sauri.

Asabar ɗin da ta wuce an yi ruwa, ƙasa ta yi santsi. Ina leƙe ina jira ya turje, ashe turjewar yake, ƙafafun ne ke zamewa, ni kuwa a ganina tafiya yake. Ya ce sau uku ya kira. Wallahi ko ɗaya ban ji ba. Abin da na ji shi ne girgizar ƙasa a tafin ƙafata, na jefa dutsen bayan aikin gama ya gama. Da na zagaya na same shi manne da bango, ƙarfen ya wuce ta gefen haƙarƙarinsa, ya yage masa riga, ya ɓantare siminti. Tsakaninsa da ƙarfen nan bai fi faɗin yatsu biyu ba.

Kin san abin da ya yi? Dariya. Ya ce, "Ke Maman Adiki, tunanin wa kike yi? In zawarci kike marmari, ai kya bari in ci tuwona na banku tukuna." Har ya bai wa Akwetey labari washegari suna ta ƙyaƙyatawa. Ni kuwa bayan murhun banda na zagaya na yi kuka mai isata, da ya tambaya na ce hayaƙi ne. Tun ranar ko abinci na kai baki sai in ga ramin nan na jikin bango. Kullum sai na wuce ta gabansa, yana daidai tsayin ƙirjinsa.

Za ki ce me ya hana a kira maza su taya shi? Na taɓa faɗa, ya kusa cinye ni ɗanya. Kin san al'adarmu, duk hannun da ya taɓa igiyar jirgi yana da rabon kifi, ko da ɗaya ne. Shi kuwa jirginsa ba ya kawo kifi, sai baƙi masu ɗaukar hoto. Ya ce, "Ni da na yi shekaru ina raba wa mutane kifi a bakin teku, in tara maza su ja mini jirgi, in sallame su da sannu? Ko in miƙa musu kuɗi kamar 'yan dako? Kunyar nan ba a kaina ba." Taurin kai gare shi, Anti, in ya kafe ko fasto sai dai ya haƙura.

Kuma za ki ce in gaya masa gaskiya. Nan ne tsorona ya fi yawa. Akwai ranar da gwiwata ta yi ciwo, ya ce, "In kin gaji ki huta, ni kaɗai ma na isa." Na san shi, zai aikata. In na ce ba na ji, zai ce in koma gefe, ya riƙe ƙarfen nan shi kaɗai, ba dutse ba kowa. In na yi shiru, ran Asabar ni ce zan sake duƙawa ina caca da ransa. Kowanne na zaɓa bangon nan na bayansa.

Sannan bari in faɗa miki wani abu ko da za ki ce son kai ne. Gwaggonsa ta kurmance kafin ta rasu, na ga yadda aka yi da ita. Ba wanda ya wulaƙanta ta, an dai daina yi mata magana, sai a ajiye mata abinci a wuce. Ba na so in zama haka. 'Ya'ya sun watse, shi yana kogi ni ina murhu, shigar da jirgin nan ne kaɗai aikin da ya rage muna yi tare. In ya shige lafiya yakan daki gefen jirgin ya ce, "Ni da ke, Maman Adiki, mun fi goma." Ina jin daɗin maganar nan fiye da yadda ya sani. Yanzu ita ma a bakinsa nake karanta ta.

Ya zan yi, Anti? Asabar na matsowa, an ce ma za a sake ruwa.

Taki,
Mai riƙon dutse

'Yar'uwata mai riƙon dutse, sannu. Na fahimci tsoron da kike ji, kuma yana kan hanya. Ba zan yi miki kwana-kwana ba: kada ki sake duƙawa a gefen tayar nan da wannan sirri a cikinki. Mutumin da ke tafiya da baya zuwa bango ya ba ki amanar ransa ne bisa zaton kina jin sa. Hakkinsa ne ya san ba kya ji.

Ban ɗauke ki mai son kai ba. Wadda ta shekara tana leƙen dugadugan mijinta don kada ya ji rauni ba ƙiyayya ta sa ta ba. Shi ma ban ɗauke shi mugu ba. Mutumin da ya saba bayarwa, roƙo na yi masa nauyi, kuma dariyar da ya yi ranar nan ina zargin ta tsoro ce. Amma aikin naku tun asali a karkace yake, ko da kunnenki garau ne. Ba a tsayawa tsakanin bango da kaya mai taya a gangare, kuma ba a rataya ran mutum a kan dutse ɗaya.

Tunda kina tsoron ya ce shi kaɗai ya isa, kada ki je masa da matsala tsirara, ki je da maganinta a hannu. A kafa gungumen itace a ƙasa, a daddasa shi sosai, nesa da bango yadda ko taya ta kufce a nan za ta tsaya, hancin bai kai bango ba. Maƙeri ya sa wa ƙarfen gaba ƙaramar taya, Baban Adiki ya daina ɗaukar nauyin, ya riƙa karkata shi daga gefe. A tsiyaye ruwan cikin jirgin, a sauke jarkokin mai kafin a fara. Sannan kwakwar nan ta bakin lungu, me take yi? Mijinki ya fi ni sanin yadda ake naɗa igiyar taru a gindin kwakwa ana saki kaɗan-kaɗan. A ɗaura igiya mai ƙarfi a bayan amalanken a yi hakan, kuma kada kowa ya naɗa ta a hannunsa. In kina so ki ci gaba da aiki tare da shi, wurinki ke nan, ke da namiji ɗaya mai ƙarfi, a tsaye, inda za ki ga hannunsa in ya ɗaga. In an yi ruwa kuwa, jirgin ya jira a bakin lungu a ɗaure har ƙasa ta sha iska.

Zancen rabo kuma, al'ada ta ce hannun da ya ja a ba shi kifi. Ban taɓa jin ta ce dole kifin ya fito daga cikin jirgin da aka ja ba. Ke ba ga murhu cike da banda ba? Akwetey da maƙwabci ɗaya su kama, ke ki naɗe kifi, Baban Adiki ya miƙa da hannunsa yadda ya saba. Ba wanda ya zama ɗan dako, ba wanda ya ji kunya.

Kunnen kuma ki kai shi asibiti a cikin makon nan, mijinki ya raka ki. Wani toshewar datti ne kawai a wanke, wani akwai na'urar da ke taimakawa. Ba ni da ikon yi miki alkawarin wanne ne naki, amma zama da shi a ɓoye ba ya warkar da ko ɗaya. Gwaggonsa an daina yi mata magana ne don ba a san yadda za a yi ba. Ke kina da bakin da za ki koya musu: su fuskance ki, su yi a hankali.

Ki gaya masa yau, ba ran Asabar ba, kuma ba a gaban jirgi ba. Ki bari ya ci tuwonsa na banku ya ƙoshi, ki kama hannunsa ki kai shi gaban bangon nan, ki ɗora yatsansa a ramin, ki ce masa sau ukun da ya kira ko ɗaya ba ki ji ba. Mai yiwuwa ya yi shiru, mai yiwuwa ya yi faɗa. In ya ɗaga murya, ƙyale shi ya ɗaga, aƙalla wannan karon za ki ji shi, kuma yana nan da ransa da zai yi faɗan.

Allah ya ba ki lafiya, ya tsare muku shi, ya sa ku daɗe kuna shigar da jirgin nan tare.

Anti Maku